Ragowar Ƙyalle

Shagona yana bayan layin dogo a Agege,
in jirgi ya wuce har allura sai ta yi rawa.
Shekarar zaɓe kakar tela ce:
da safe hula kore guda ɗari biyu,
da la'asar jar tuta,
da dare, in an kawo wuta,
riga mai fuskar mutumin da ban taɓa jin muryarsa ba.

Tanimu ya leƙo, baƙin mai a farcensa.
Ya ce, "Kai dai faɗa mini, kana ina?"
Na ce, "Ina kan keke, ai kana gani."
Ya ce, "Jemage! Ba ka tsuntsu, ba ka dabba."

To, ture yadin nan ka zauna.

Ranar da aka kama mashin ɗinka
aka cilla shi bayan mota kamar buhun ruɓaɓɓiyar albasa,
kwana uku na yi ina tsine wa masu doka.
Amma ni ne na ɗaga Iya Lasisi daga kan kwalta,
ƙafarta ta juya tana kallon baya,
ɗan acaɓan ko waiwaye bai yi ba.
Wace jam'iyya ce ke da aljihun
da zai ɗauki ranakun nan biyu tare?

Damina uku ina ɗora keken ɗinki kan tebur,
ina kwashe ruwan kwata da kwanon tuwo.
Na yi ta roƙo a buɗe magudana.
Da katafila ta zo,
rumfar Obiageli ta fara ci, har da tukwanen shinkafa.
Bana ruwa bai shigo mini ba.
Ina barci a bushe,
kuma ina sauya hanya don kada mu haɗa ido.

Ni na ce kuɗin tallafin mai ɓarayi ke sha, a cire.
Da bakina na faɗa, a teburin mai shayi.
Yanzu daga nan zuwa Oshodi
sai na yi lissafi kamar mai niyyar Makka.
Ban janye maganata ba.
Ban kuma daina jin zafin ba.

Haraji zan biya, wallahi, in da rasit,
in kuma na ga fitila a lungun nan.
Wanda ba na so shi ne yaron Talata,
mai sanda a hammata da tikitin da babu hatimi,
kowa ya ci zaɓe, shi dai yana nan.

Da asuba ina sahun gaba,
amma kada liman ya nuna mini inda zan dangwala.
Hajjo tawa injin jirgin ruwa take son karanta,
tun ranar da ta ga Apapa ta tagar mota.
Duk wanda zai rage mini kuɗin makaranta ina sauraronsa,
ko da wane suna yake kiran Ubangiji.

In na je Funtuwa biki
sai a ce ɗan Ikko ya iso, harshensa ya karkace.
In na dawo, kwandasta ya ce, "Aboki, matsa ciki."
Na saba zama a gefen kujera, Tanimu,
rabi a ciki, rabi a iska.

Ka ga matashin da kake jingine da shi?
Ragowar ƙyallen zaɓe huɗu ne a ciki,
kore da ja da shuɗi da fari,
babu wanda ya isa riga shi kaɗai.
A kansa nake gyangyaɗin azahar.

Ran zaɓe takardu ne za a miƙo mini, ba ɗaya ba,
kowace zan tsaya in auna ta da nata awon.
Ka kira shi abin da ka so.

Yanzu juyo, wandonka ya yage a gwiwa.
Jan ƙyalle kawai ya rage mini,
zaren da ke kan keken kuma kore ne.
Za ka jira, ko in ɗinka haka?